Dogon TAZARA: me ya hana shi ɗaukar kayan da aka gina shi dominsu?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka fara maganar dogon Kano zuwa Maraɗi ake ta kawo misali da TAZARA, wato layin da ya tashi daga Darussalam a Tanzaniya ya ƙare a Kapiri Mposhi a Zambiya, tsawon kilomita 1,860. Wasu na yabo, wasu na cewa asarar kuɗi ce. Masana a taimaka a warware mana: me ya sa aka gina shi, yaya yake aiki, kuma me ya sa layin da aka tsara zai ɗauki tan miliyan 5 a shekara bai taɓa kai ko sulusin haka ba?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Abu Hafsat. Sai an fara duba taswira kafin a gane maganar. Zambiya ba ta da teku, kuma arzikinta tagulla ce. Lokacin da ta sami 'yanci a watan Oktoba na 1964, tagullar nan kudu take bi a jirgin ƙasa, ta ratsa Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu) zuwa Beira a Mozambik ko tashoshin Afirka ta Kudu, wata kuma ta bi dogon Benguela zuwa Lobito a Angola. Mozambik da Angola suna hannun Fotugal, Afirka ta Kudu tana hannun masu wariyar launin fata. Ana cikin haka, ranar 11 ga Nuwamba 1965, Ian Smith ya ayyana mulkin Turawa tsiraru a Rodeshiya. Shugaban Zambiya Kenneth Kaunda ya wayi gari duk ƙofofin da kayansa ke fita suna hannun mutanen da yake adawa da su.

Shi da shugaban Tanzaniya Julius Nyerere sun nemi kuɗin gina layi zuwa Darussalam daga ƙasashen Yamma. Bankin Duniya ya ce ba zai mayar da kuɗinsa ba, gara a gyara hanyar mota. Nyerere ya je Sin a 1965, Kaunda ya je a 1967, aka sa hannu a yarjejeniya a Beijing a watan Satumba na shekarar. An yi awo daga 1968, aka soma aiki a Oktoba 1970, ƙarfe ya tsallaka iyaka a Tunduma a 1973, ya isa Kapiri Mposhi a 1975. A watan Yuli na 1976 aka miƙa shi ga ƙasashen biyu.

Kuɗin kuwa rance ne marar ruwa, yuwan miliyan 988, a biya cikin shekara 30, kowace ƙasa ta ɗauki rabi. Akwai wata dabara da ba a cika ambatonta ba. Albashin lebura da sauran kuɗin da ake kashewa a cikin gida ba da dala aka biya su ba. Sin ta riƙa turo kayan masarufi bashi, a sayar a kantunan Tanzaniya da Zambiya, kuɗin da aka samu a zuba a aikin.

Baban Zara:
Malam, Allah ya ƙara sani. To ai daga bayaninka amsar ta fito. Layi ne na siyasa, kuma siyasar ta wuce. Zimbabwe ta sami 'yanci a 1980, yaƙin Mozambik ya ƙare a 1992, wariya ta faɗi a 1994, hanyoyin kudu suka buɗe. Mai tagulla ɗan kasuwa ne, inda ya fi masa sauƙi nan zai bi. Ni a ganina Bankin Duniya bai yi kuskure ba.

Malamin Tarihi:
Ban yarda da wannan ba, Baban Zara, kuma ga dalili. A Janairu 1973 Smith ya rufe iyakarsa da Zambiya. A 1975 yaƙin basasar Angola ya tsayar da dogon Benguela. Da babu TAZARA a waɗannan shekaru, da tagullar Zambiya ba ta da mafita sai hanyar mota zuwa Darussalam, wadda direbobi suka sha wuyarta. Lissafin banki bai sa ranar da maƙwabci zai rufe maka ƙofa a ciki ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci ga tambayar Abu Hafsat. Matsalar ɗaukar kaya ta bayyana tun kafin hanyoyin kudu su buɗe. A Oktoba 1978, Rodeshiya tana nan daram a hannun Smith, Kaunda da kansa ya sake buɗe hanyar dogo ta kudu, saboda takin zamani ya maƙale, damina ta ƙarato, layin da tashar jiragen ruwan Darussalam sun kasa kwashe kayan a kan lokaci. Shekara biyu kacal da miƙa layin ke nan. Don haka ba rashin kaya ne ya fara kama shi ba, rashin iya kwasa ne.

Injiniyan Dogo:
Malamin Tarihi ya kawo mu inda ciwon yake. Bari in yi bayanin ƙasar da layin ya bi, domin ita ce ta yanke hukuncin irin injin da ya kamata a sa.

Daga Darussalam, bakin teku, layin yana bin fili, ya ratsa gandun namun dajin Selous, wanda ɓangarensa ya zama gandun Nyerere yanzu, ya shiga kwarin Kilombero ta Ifakara har Mlimba. Kwarin nan ƙasa ce ta fadama. Daga Mlimba zuwa Makambako, kilomita 158, sai ya hau fiye da mita dubu. Yawancin ramukan da aka huda cikin duwatsu a nan suke, haka manyan gadoji. A duk layin akwai ramuka 22, gadoji kimanin 320, da kwalbatoci fiye da 2,000. Mafi tsayin wuri shi ne Uyole kusa da Mbeya, mita 1,789 sama da teku. Bayan Tunduma da Nakonde ƙasar Zambiya shimfiɗaɗɗiya ce, ta Kasama, Mpika, Serenje zuwa Kapiri Mposhi. Ma'aikata fiye da 160 ne suka rasu a aikin, sama da 60 daga cikinsu Sinawa.

Injinan farko da Sin ta kawo, samfurin DFH, na dizal ne masu isar da ƙarfi ga ƙafafu ta hanyar mai, ba ta hanyar lantarki ba. A fili suna aiki lafiya. A hawan Mlimba kuwa, inda jirgi ke tafiya a hankali da cikakken nauyi na sa'o'i, man yana zafi, injin yana gajiya, ga iskar tudu ba ta da kauri, dizal ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Sai a rage taragu ko a haɗa inji biyu a jirgi ɗaya. Ko wanne aka yi an rage abin da layin zai kwasa a rana. Shi ya sa a shekarun 1980 aka sauya wa wasu injin ciki da na MTU na Jamus, aka kuma kawo samfurin U30C na kamfanin General Electric na Amurka, inda dizal ke juya janareta, lantarki ya juya ƙafafu. Irin wannan ya fi jure jan nauyi a hawa.

Sai dai kowane sabon samfuri yana zuwa da nasa kayan gyara. Wurin gyara ɗaya, a Darussalam ko Mbeya ko Mpika, ya koma yana hidimar injin Sin, na Jamus da na Amurka, kuma kowane sai da kuɗin waje. Idan babu kuɗin, abin da makanikai ke yi shi ne su kwance inji ɗaya su tayar da wani. A takarda kana da inji da yawa, a kan layi kaɗan ne ke motsi.

Abu Hafsat:
Injiniya, shi kansa ƙarfen dogon fa? Ana cewa Sinawa sun yi aiki mai ƙwari.

Injiniyan Dogo:
Sun yi. Ƙarfen mai nauyin kilo 45 ne a kowace mita, kuma a kan gungumen kankare aka ɗora shi a mafi yawan layin, ba na katako da gara ke ci ba. Amma dogo ba ƙarfe ne kaɗai ba, ruwa shi ne babban abokin gabarsa. Ga yadda abin ke faruwa a gangaren Mlimba. Ciyawa da laka su toshe bakin kwalbati. Ruwan sama ya taru a gefen tudun da aka cike aka ɗora layin, ya jiƙa shi har ciki. Jirgi ya bi ta kai, nauyinsa ya riƙa matso laka sama tana shiga cikin tsakuwa. Mai duba layi zai ga farar laka ta fantsama a jikin gungumen, kuma idan jirgi ya wuce zai ga gungumen na nutsewa yana tasowa. Tsakuwar da ta cika da laka ta daina riƙe layi, gefe ɗaya ya zauna, tarago ya goce. Idan damina ta yi nauyi, tudun gaba ɗaya yana iya zaftarewa ya bar ƙarfe yana lilo a iska.

Maganinsa ba mai tsada ba ne idan an yi a kan kari: a yashe kwalbati kafin ruwan farko, a share magudanan gefe, a tace tsakuwa a ƙara sabuwa, a bi da injin daddaɓe ta. Idan ba a yi ba, sai a kafa dokar rage gudu a wurin, kilomita 15 ko 20 a sa'a. Wuri ɗaya ba komai. Idan suka zama ɗaruruwa a layi mai kilomita 1,860, kuma layi ɗaya tal wanda jirgi ba ya wuce ɗan'uwansa sai a tasha, jinkirin jirgi ɗaya ya zama na kowa.

Mai Kiliyarin:
Ranka ya daɗe Injiniya, bari in ɗora daga ɓangaren kaya, don a nan ake gane dalilin da ya sa tirela ta ƙwace kasuwa duk da ta fi tsada a kowane tan.

Abin da ke sauka zuwa teku: tagulla, kobal, manganis. Abin da ke hawa: takin zamani, man fetur, farar wuta da ma'adinai ke yin asid da ita, da kwantenoni. Kaya iri ɗaya masu nauyi, nesa mai yawa, ai aikin jirgin ƙasa ke nan. Mu ɗauka jirgi ɗaya ya ja tarago 30, kowanne tan 40, tan 1,200 ke nan, wato tirela 40 masu tan 30. Amma mai tagulla ba kuɗin dako kaɗai yake lissafawa ba. Kayansa na miliyoyin dala ne, banki na jiran kuɗinsa, jirgin ruwa yana da ranar tashi. Idan tirela ta ce masa kwana kaza kuma ta cika, jirgin ƙasa kuwa ya ce mako ɗaya ya yi uku, zai biya tsada ya huta.

Lissafin da ya fi kashe layi shi ne kwanakin da tarago ke yi kafin ya dawo a sake loda shi. Tarago 1,000 da ke zagayowa cikin kwana 10 suna yin aikin 3,000 masu zagayowa cikin kwana 30. Ina kwanakin ke tafiya? Jiran inji a tasha. Jiran takardun kwastan a iyaka. Jiran a sauke a tashar ruwa, inda wasu masu kaya ke mayar da tarago ma'ajiya saboda ya fi musu arha. Sannan TAZARA ba ta kai bakin ma'adinai ba. A Kapiri Mposhi take miƙa taragu ga kamfanin dogon Zambiya ya ƙarasa da su Ndola da Kitwe. Da zarar tarago ya bar layinka, dawowarsa tana hannun wani.

Ga alƙaluman da suka nuna sakamakon: mafi yawan abin da layin ya taɓa ɗauka a shekara bai wuce tan miliyan 1.2 da 'yan kai ba, a shekarar kuɗi ta 2014/15 kuwa ya faɗo zuwa kimanin tan 88,000. Bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da aka tsara ba.

Ɗan Maraɗi:
Tambaya ga Injiniya. Na ji an ce jirgin TAZARA ba ya iya hawa sauran layukan Tanzaniya. Gaskiya ne? Ƙasa ɗaya fa.

Injiniyan Dogo:
Gaskiya ne, ɗan'uwa. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan biyu a TAZARA milimita 1,067 ne, daidai da na Zambiya, Zimbabwe da Afirka ta Kudu, kuma daidai da tsohon dogon Legas zuwa Kano. An zaɓi haka ne don tarago ya tashi daga yankin tagulla ya isa teku ba a sauke ba, kuma zaɓin daidai ne. Shi ya sa jirgin yawon buɗe ido na Rovos Rail ke iya tasowa daga Cape Town har Darussalam. Tsohon layin tsakiyar Tanzaniya da Jamusawa suka gina kuwa milimita 1,000 ne. A Kidatu aka yi wurin da layukan biyu ke haɗuwa, a ɗage kaya daga wannan tarago a ɗora a wancan. Yanzu ga sabon layin lantarki na Darussalam zuwa Dodoma mai milimita 1,435. Faɗi uku ke nan a birni ɗaya, babu wanda ke hawa na wani.

Hajiya Uwar Biyu:
Duk kun tsaya a kan tagulla kun manta da mutane. Baban Zara, kafin ka ce asara ce, ka duba abin da jirgin fasinja ke yi a kwarin Kilombero. Akwai ƙauyukan da in damina ta sauka mota ba ta shiga, jirgin nan ne hanyar asibiti da makaranta da kasuwa. Shinkafar Ifakara, ayaba, dankalin Turawa da tumatir na tuddan Makambako da Mbeya, duk a cikinsa ƙananan 'yan kasuwa ke kai su birni. Garuruwa sun kafu a bakin tashoshin da da daji ne. Wannan ba ya fitowa a lissafin tan na tagulla, amma shi ne ya riƙe layin a zukatan mutanen wurin.

Ga wanda ke son tafiya, ga yadda tsarin yake. Jiragen fasinja biyu ne aka san layin da su: Mukuba, mai tsayawa a manyan tashoshi, da Kilimanjaro, mai tsayawa kusan ko'ina. A al'ada ranakun tashi Talata da Juma'a ne. A takarda Mukuba yana yin kimanin sa'a 46, wato kilomita 40 a sa'a idan an raba, amma a ƙara kwana guda a lissafi, kada a sayi tikitin jirgin sama na ranar isa. Jadawalin yana sauyawa, an ma taɓa dakatar da tsallaka iyaka kamar lokacin korona, don haka a tabbatar a ofishin tasha kafin a shirya.

Aji na ɗaya ɗaki ne mai gado huɗu, aji na biyu mai gado shida, sai kujeru masu kwanciya baya, sai aji na uku. Ana raba ɗakin maza da na mata. Miji da mata ko iyali da ke son zama tare sai su sayi ɗakin gaba ɗaya. Akwai taragon abinci, amma a riƙe ruwan sha, da buta, da tocila, da bargo ko rigar sanyi, domin daren Mbeya a watan Yuni da Yuli sanyi ne na gaske. Tashar TAZARA a Darussalam tana kan hanyar filin jirgin sama, ba ita ce tashar layin tsakiya da ke cikin gari ba, a gaya wa direban tasi a fili. A ɗaya ƙarshen kuma jirgin ba ya kai Lusaka. Daga Kapiri Mposhi saura kimanin kilomita 200 a mota.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, a iyaka fa, sauka ake yi?

Hajiya Uwar Biyu:
Idan jirgin mai zarcewa ne, jami'an shige da fice ne ke shigowa. Na Tanzaniya su buga hatimin fita a Tunduma, jirgi ya ɗan matsa zuwa Nakonde, na Zambiya su bi ɗaki ɗaki su buga na shiga. Abu uku ke rikita baƙo. Agogo: Zambiya tana bayan Tanzaniya da sa'a ɗaya, a mayar da shi baya, musamman don lokutan salla. Kuɗi: kafin iyaka shilin ake karɓa a taragon abinci, bayan iyaka kwaca. 'Yan canji suna hawowa, amma a canza na abinci kawai, kuma a ƙirga kafin a miƙa nasa. Takardu: mai fasfon Najeriya ko Nijar ya nemi bizar Tanzaniya tun daga gida, ba a ba shi a bakin iyaka, ya kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Baban Zara:
Hajiya, na karɓi maganar ƙauyuka, gaskiya ce. Amma jirgin fasinja a ko'ina ba ya ciyar da kansa, kaya ne ke biyan gyaran layi. Idan kaya ba su dawo ba, mai shinkafar Ifakara ma zai rasa jirgin. Kuma har yanzu ba wanda ya taɓo shugabanci. Layin na gwamnati biyu ne rabi da rabi, majalisar ministocin ƙasashen biyu ce a sama, babban darakta daga Zambiya, mataimakinsa daga Tanzaniya. Idan ana buƙatar kuɗin inji, kowace gwamnati na jiran ɗaya ta fara. An sha yin watanni ba albashi, ma'aikatan ɓangare ɗaya su tafi yajin aiki, layin duka ya tsaya, don jirgin da ya taso daga Mpika ba shi da amfani idan Mbeya a rufe take. Tukunyar da mutum biyu ke dafawa, kowa na zaton ɗaya ya sa gishiri.

Mai Kiliyarin:
Wannan ne ake son warwarewa da sabon tsarin. A Satumba 2024 shugabannin Tanzaniya, Zambiya da Sin suka shaida sa hannu a takardar fahimta a Beijing, daga baya aka ba kamfanin CCECC na Sin, wanda ya gina Abuja zuwa Kaduna da Legas zuwa Ibadan, riƙon layin na shekara 30, da jarin kimanin dala biliyan 1.4 na gyaran layi da sayen injina da taragu. Ba rance ba ne irin na 1970, kamfani ne zai mayar da kuɗinsa daga dako. Kuma akwai gasa, domin a yamma an ba wasu kamfanoni riƙon dogon Lobito na Angola, Amurka da Tarayyar Turai suna mara masa baya, duk tagullar Zambiya da Kwango ake hari.

Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne jirgin fasinja. Mai neman riba zai fifita jirgin tagulla a layi ɗaya, a ajiye na mutane a tasha ya jira. Sai an rubuta a yarjejeniya jirage nawa ne a mako, waɗanne ƙananan tashoshi ne dole a tsaya, kuma wa zai cike giɓin kuɗin tikiti.

Ɗan Maraɗi:
To mu da ke jiran na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, me ya kamata a daidaita tun yanzu? Agogonmu ɗaya, harshenmu ɗaya, amma mun ga yadda aka rufe iyaka a 2023.

Injiniyan Dogo:
Ƙasarku ta fi sauƙi, babu hawa irin na Mlimba. Naku abokin gabar rairayi ne da iska ke tarawa a kan layi, da ruwan Agusta da ke zuwa lokaci guda ya cika rafin da ya bushe wata tara. A rubuta tun kafin jirgin farko wa ke yashe kwalbatocin ɓangaren Nijar kuma da kuɗin wa. A yi wurin bincike ɗaya inda kwastan na ƙasashen biyu za su zauna tare, takardar kaya ta riga jirgin isa, kada tarago ya kwana sau biyu. A tsayar da kuɗin tara na kowace rana da tarago ya wuce wa'adi a hannun mai kaya. A sayi injina samfuri ɗaya tare da kayan gyaransu na shekaru. Sannan layin milimita 1,435 ne, kayan Maraɗi ba za su kai Apapa ba tare da an sauke ba sai sabon layin ya haɗu daga Kano zuwa Kaduna, da kuma tsakanin Abuja da Ibadan. Kafin nan, dole a tanadi wurin sauyin kaya a Kano mai injin ɗaga kwantena da filin ajiya, a kuma sa kuɗin wannan ɗagawa cikin farashin da za a faɗa wa ɗan kasuwa.